Takarda Biyu, Jirgi Ɗaya: Admiral Knorr da Yarjejeniyar Gwandu

A watan Afrilu na shekarar 1895 wani Bajamushe mai suna Dakta Hans Gruner ya iso Gwandu bayan tafiyar wata biyar daga ƙasar Togo. Ya biyo ta Salaga da Yandi da Sansanin Mango, ya ratsa ƙasar Gurma, ya sauka bakin Kwara a Sayi, sannan ya karkato gabas. Sarkin Gwandu na wannan zamani shi ne Umaru Bakatara. Da Gruner ya juya gida sai ya tafi da takarda a jakarsa, wadda ya ce shaida ce cewa Sarkin Gwandu ya shiga ƙarƙashin inuwar Sarkin Jamus. Daga Gwandu zuwa Dogon Daji bai wuce tafiyar yini guda a ƙafa ba. Da wannan takarda ta yi aikin da aka ɗauko ta domin ta yi, da iyakar mulkin Jamus ta zo har bakin gonakin Tambuwal da Dogon Daji, da kuma Nufe da Ilori, waɗanda suke kai gaisuwa Gwandu, sun bi sahu. Wataƙila da yau kalmomin aro na Jamusanci ne ke yawo a bakinmu a maimakon na Ingilishi.

Takardar ba ta yi aiki ba. Ta ƙare a ma'ajiyar takardu, sai masu binciken tarihi ne kaɗai ke tono ta. Amma shekara goma sha ɗaya kafin nan an sa hannu a wata takarda irinta a bakin teku, a garin Duwala, kuma ita wannan ta haifi ƙasar da ake kira Kamaru, ta kuma yanke mafi yawan ƙasar Adamawa daga jikin daular Sakkwato. Duka biyun alƙalamin Jamusawa ne ya rubuta su, duka biyun sarakunan baƙar fata ne aka ce sun amince da su. Me ya sa ɗaya ta rayu, ɗaya ta mutu? Amsar da nake da ita tana cikin rayuwar wani mutum da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, wato Admiral Eduard von Knorr, shi ya sa na keɓe masa filinmu na wannan mako.

Kada mai karatu ya ji sunan ya tuna da ɗunkulen miya. Wancan Knorr ɗin daban ne, ɗan kasuwa ne na garin Heilbronn. Namu sojan ruwa ne, an haife shi a garin Saarlouis ranar 8 ga Maris, 1840, a lokacin da babu ma wata ƙasa guda da ake kira Jamus, sai ƙananan masarautu barkatai da Purusiya ta fi ƙarfi a cikinsu. Ya shiga rundunar ruwan Purusiya yana ɗan saurayi da bai kai shekara ashirin ba. Rundunar kuwa a wancan lokaci abar dariya ce a idon Ingila da Faransa, 'yan jirage ne da ba su taka kara sun karya ba. Karonsa na farko da wuta a gaɓar Afirka aka yi shi, a shekarar 1856, lokacin da jirgin Danzig ya sauke sojoji a gaɓar Maroko domin hukunta mutanen tsaunukan Rif. Ba su ji da daɗi ba, domin mutanen tsaunin sun koro su zuwa jirginsu da gawarwaki.

Sunansa ya fito ne a yaƙin Jamus da Faransa na 1870. Yana riƙe da wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Meteor a tashar Habana ta tsibirin Kyuba, inda ya tarar da jirgin Faransa mai suna Bouvet. Tunda tashar ta Sifaniya ce, kuma Sifaniya ba ta cikin yaƙin, sai jiragen biyu suka fita tsakiyar teku ranar 9 ga Nuwamba suka gwabza, jama'a na kallo daga nesa kamar dambe. Jirgin Faransa ya tunkuyi na Knorr har turakunsa suka karye, igiyoyinsu suka naɗe farfelarsa. Su kuma mutanen Knorr suka samu sa'ar harbin tukunyar tururin Bouvet, ya rasa ƙarfin inji, ya ɗaga filafilai ya lallaɓa ya koma ruwan Sifaniya. A gaskiya kunnen doki aka yi. Amma da yake rundunar ruwan Jamus ba ta yi wani abin a-zo-a-gani ba a dukan wannan yaƙi, wanda sojan ƙasa ne suka cinye shi, sai aka mayar da wannan 'yar arangama abin alfahari, aka ba Knorr lambar girma. A garin da babu doki, ai jaki ma ya yi hawan salla.

Daga nan aikinsa ya zama na yawo da tuta. Ya ja jirgin Hertha zuwa tekun Fasifik, inda a watan Nuwamba na 1876 ya sa hannu a yarjejeniyar abota da Sarkin tsibiran Tonga, wadda ta ba Jamus izinin kafa wurin ajiye kwal a tsibirin Vava'u. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu sake gamuwa da shi a wurin da ba a zata ba. Jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya, tururi kuwa sai da kwal, saboda haka duk ƙasar da ke son jiragenta su yi nisa dole ta samu zango-zango a hanya, kamar yadda ayarin fatake ba ya tashi sai madugu ya san rijiyoyin da za a sauka.

To, mu dawo Duwala. A watan Yuli na 1884 Dakta Gustav Nachtigal ya iso bakin kogin Wuri a cikin jirgin yaƙi mai suna Möwe. Wannan Nachtigal ɗin shi ne wanda ya je Kukawa a 1870 ya kai wa Shehun Borno Umar kyaututtuka daga Sarkin Purusiya, ya zauna baƙo ana karrama shi. Yanzu kuwa ya dawo da wata riga. Ranar 12 ga Yuli Sarki Bell da Sarki Akwa da wasu manyan Duwala suka sa hannu a takarda tare da wakilan kamfanonin Hamburg guda biyu, na Woermann da na Jantzen da Thormählen, bayan kwana biyu aka ɗaga tutar Jamus. Jakadan Ingila, Hewett, ya iso bayan 'yan kwanaki da tasa takardar, ya tarar an riga an ɗaura aure. Mutanen Duwala ba wawaye ba ne, 'yan kasuwa ne da suka daɗe suna hulɗa da Turawa. Sun gindaya sharuɗɗa: filayen da suke nomawa da garuruwansu nasu ne, kuma sun nemi kada Bature ya tsallake su ya shiga cikin ƙasa yin ciniki, domin dillanci tsakanin teku da tudu shi ne abincinsu.

Sai dai ba kowa ne ya sa hannu ba. Shugaban unguwar da Turawa ke kira Hickory Town, wadda ake kira Bonaberi a yau, wato Kum'a Mbape da aka fi sani da Lock Priso, ya ƙi. Mutanen unguwar Joss su ma suka juya wa Sarki Bell baya, suna ganin ya cinye kuɗin da aka bayar shi kaɗai. A tsakiyar watan Disamba suka ƙone unguwar Bell. A wannan lokaci takardar 12 ga Yuli ba ta fi takardar tsire daraja ba: wanda ya sa mata hannu ya gudu daga gidansa, 'yan kasuwar Ingila da ke wurin suna murna a ɓoye, wakilin Jamus da aka bari, Max Buchner, ba shi da ko soja ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ko bangon ya tsage, sai in akwai ƙadangaren a kusa.

Akwai shi kuwa. An riga an naɗa Knorr kwamandan sabuwar rundunar jiragen Afirka ta Yamma, kuma ya iso da jirage biyu, Bismarck da Olga. Da yake manyan jiragen ba za su iya shiga kogin sosai ba, sai ya ari ƙananan jiragen 'yan kasuwa suka ja kwale-kwalen sojoji sama da ɗari uku. Daga 20 zuwa 22 ga Disamba, 1884, aka yi ta ɓarin wuta. An ƙone Hickory Town, an fatattaki mutanen Joss, su kuma suka kashe wani wakilin kamfanin Woermann da suka kama mai suna Pantaenius. Buchner ya shiga gidan Lock Priso kafin a cinna masa wuta, ya ɗauke sassaƙaƙƙen goshin kwale-kwalen sarauta, abin da mutanen Duwala ke kira tange. Wannan kaya yana gidan tarihi na birnin Munich, kuma jikan Lock Priso, Farfesa Kum'a Ndumbe na Uku, ya shafe shekaru yana neman a maido shi. Knorr ya ci gaba da riƙe ragamar wurin har gwamna na farko, Julius von Soden, ya iso a 1885.

A duba kwanan watan da kyau. Taron Barlin, wanda muke koya wa ɗalibai cewa a nan aka raba Afirka, an buɗe shi ranar 15 ga Nuwamba, 1884, aka rufe ranar 26 ga Fabrairu, 1885. Ke nan ana tsakiyar zaman ne Knorr yake ƙone Bonaberi. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin da taron ya tsayar ita ce, duk ƙasar da ta yi da'awar wani yanki a gaɓar teku, dole ta nuna tana da ikon tsare doka a wurin. Jakadu suna tsara jimlar a kan teburi, admiral yana fassara ta da igwa. Ni a ganina in ana son ɗalibi ya fahimci taron Barlin, gara a ba shi labarin kwana ukun nan na Duwala da a sa shi haddace sassan yarjejeniyar.

Bai huta ba. A gabashin Afirka wani matashi mai suna Carl Peters ya zagaya ƙauyuka ya tattaro takardu da alamun hannun dagatai, gwamnatin Jamus ta amince da su a Fabrairun 1885. Sarkin Zanzibar, Sayyid Barghash, ya ce ƙasar tasa ce, bai yarda ba. A watan Agusta jiragen yaƙin Jamus suka jeru a gaban fadarsa, bakunan igwa na kallon tagoginsa, sai ya sauko. Knorr ya zo ya karɓi jagorancin jiragen, shi ne kuma ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Barghash a watan Disamba na wannan shekara. Har 'yar'uwar Sarkin, Sayyida Salme, wadda ta auri Bajamushe ta bar gida, sai da aka ɗauko aka kawo wurin domin ta zama abin matsa lamba, da buƙata ta biya kuma aka yi watsi da ita. Salon dai guda ne da na Duwala: ɗan kasada ya samo takarda, mai ƙasa ya musanta, jirgi ya zo ya zama shaida.

Yanzu sai mu juyo gida mu ga abin da ke faruwa a tsakanin Sakkwato da Gwandu a daidai wannan lokaci. Jamusawa ba baƙi ba ne a wannan yanki. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, ko da yake gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, kuma a nan ya samu kwafin littafin Tarikhus Sudan. Bayansa Eduard Robert Flegel ya zo Sakkwato a farkon shekarun 1880, kuma shi ne ya fi kowa naci a kan cewa Jamus ta kama kogin Binuwai ta mai da shi ƙofar shiga Adamawa da ƙasar Hausa. A 1885 ya dawo da kyaututtukan Sarkin Jamus zuwa ga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu da Sarkin Gwandu Maliki. Shi kansa bai iso ba, abokan tafiyarsa Paul Staudinger da Ernst Hartert ne suka kawo saƙon. Amma sun makara. George Goldie, mai kamfanin Ingilishi da ke bakin Kwara, ya ji ƙishin-ƙishin, ya tura Joseph Thomson da gaggawa, kuma a watan Yuni na 1885 Thomson ya fito daga Sakkwato da Gwandu da nasa takardun. Flegel ya mutu a Brass a 1886 da baƙin cikin abin.

Masana irin su Farfesa Adeleye sun yi dogon bayani a kan yadda fadar Sakkwato ta ɗauki waɗannan takardu. A wurinta amana ce aka ba baƙon ɗan kasuwa ya yi ciniki cikin aminci, buhunan wurin da kamfani ya yi alkawarin kawowa duk shekara kuwa gaisuwa ce irin wadda na ƙasa ke kai wa na sama. A Landan kuwa an karanta takardun a matsayin sallama ƙasa. Ba na zaton akwai Sarkin Musulmi ko Sarkin Gwandu da zai zauna da waziransa da alƙalansa ya miƙa ƙasar Shehu ga Nasara a kan wuri, ko na Ingila ne ko na Jamus. Saboda haka ta fuskar gaskiya takardar Thomson ba ta fi ta Gruner tsarki ba, kuma dukansu ba su kai ta Duwala inganci ba, domin can aƙalla waɗanda suka sa hannu sun san Turawan, sun kuma yi ciniki a kan sharuɗɗa.

Abin da ya bambanta su shi ne wanda ke riƙe da bakin kogi. Kafin a zauna taron Barlin Goldie ya riga ya saye kamfanonin Faransa da ke Kwara, saboda haka Ingila ta shiga taron tana cewa ita kaɗai ce a ƙasan kogin, aka kuma damƙa mata kula da shi. An rubuta cewa kowa na da 'yancin bin kogin da jirginsa, amma rubutu ne kawai. Wani ɗan kasuwar Jamus mai suna Hoenigsberg ya gwada a 1887, ya je Bida yana neman shiga tsakanin Etsu Nufe da kamfani, sai kamfani ya kama shi, ya yi masa shari'a a Asaba, ya kore shi. Jamus ta yi ƙorafi a takarda, aka yi ta musayar wasiƙu, magana ta bi ruwa. Babu yadda Bismarck da Olga za su shiga Kwara su haura zuwa Lakwaja, balle Jabba, ba tare da sun yi karo da rundunar ruwan Ingila ba, wadda a wancan zamani babu kamarta a duniya. Knorr yana iya tsorata Lock Priso da Barghash, amma ya san iyakarsa. Ko gaɓar Mahin da ke gabas da Legas, inda aka ɗaga tutar Jamus a farkon 1885, ba a shekara ba aka sauke ta aka bar wa Ingila.

Shi ya sa Gruner ya biyo ta tudu daga Togo, da 'yan dako da 'yan rakiya, ya iso Gwandu a gajiye. Abin lura, a wannan shekara ta 1895 ne aka ɗaga Knorr ya zama babban kwamandan dukan rundunar ruwan Jamus, a shekara mai bi kuma aka ba shi sarautar da ta ƙara wa sunansa "von". Ga shi a ƙololuwar iko, ga takardar Gwandu ta iso Barlin, amma babu jirgi ko ɗaya a hannunsa da zai iya zuwa ya tsaya mata. A 1897 Jamus da Faransa suka daidaita, Faransa ta ɗauki Gurma, Jamus ta tsira da Sansanin Mango, hanyar Togo zuwa Kwara ta toshe. A 1898 Ingila da Faransa suka ja nasu layin, garin Gwandu ya faɗo ɓangaren Ingila, yankunansa na yamma suka tafi Faransa. Duk wannan an gama shi shekara biyar kafin a harba harsashi ɗaya a Giginya ranar 15 ga Maris, 1903. Tun ran gini ran zane.

A gabas kuwa, inda jirgin ya samu shiga, labarin ya sha bamban. Daga wannan ƙafa da Knorr ya kafa a bakin Wuri aka yi ta turawa arewa. Yarjejeniyoyin Ingila da Jamus na 1886 da 1893 suka ja layi suka bar birnin Yola a hannun Ingila, mafi yawan ƙasar da Lamiɗo ke mulka kuwa a hannun Jamus, wato aka raba kai da gangar jiki. Tibati ta faɗi a 1899, Ngaundare a 1901. A watan Satumba na 1901 Ingilishi suka kori Lamiɗo Zubairu daga Yola, ya nufi ƙasarsa ta gabas, sai ya tarar da Jamusawa. Ya kara da su a Garwa a ƙarshen wannan shekara, ya sake karawa da su a Marwa a Janairun 1902, inda bindiga mai ruwan harsashi ta Hans Dominik ta karkashe mahayansa. Sarki ne mai tutar Shehu, wanda magabatansa ke aiko da gaisuwa Sakkwato, ya ƙare yana gudun hijira a tsakanin Turawa biyu har aka kashe shi a 1903. Idan muna ba da labarin faɗuwar daular Usmaniyya muka tsaya a kan Lugga kaɗai, to mun bar rabin gabas a waje.

Akwai kuma wata takarda da nake so mai karatu ya sani, domin ita ce ta fi nuna yadda ake cinikin. Ranar 14 ga Nuwamba, 1899, Ingila da Jamus suka sa hannu a yarjejeniyar da aka fi sani da ta Samowa. Ingila ta janye daga tsibiran Samowa. A madadin haka Jamus ta sallama haƙƙinta a Tonga, har da wancan zangon kwal na Vava'u da Knorr ya samo a 1876, ta kuma amince za ta saki gatan da 'yan ƙasarta ke da shi a Zanzibar na kada kotun wurin ta hukunta su. A cikin wannan takarda dai aka raba yankin da ke bayan Togo da Gwalkwas, Salaga ta tafi Ingila, Yandi ta tafi Jamus. Salaga fa ita ce kasuwar Gwanja, inda fataken Kano da Katsina da Jega suka yi ƙarni suna kai kanwa da tufafi suna ɗauko goro. Kasuwar goron Bahaushe da tsibirin da ke ƙarshen duniya a kan sikeli ɗaya, kuma babu madugu ko ɗaya da aka tambaya. Malam Alhaji Umaru, haifaffen Kano mai asali da Kabi, wanda ya zauna Salaga sannan ya koma Kete-Krachi a ƙarƙashin Jamusawa, ya ga wannan zamani da idonsa, ya kuma yi waƙoƙi a kan zuwan Nasara da Hausa da Larabci. Shi ne ya karantar da jami'in Jamus Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus ɗin Hausa a 1906.

A wannan shekara ta 1899 Knorr ya ajiye aiki. Tauraron Alfred Tirpitz ne ke haskawa, mutumin da ya shawo kan Sarki Wilhelm na Biyu cewa yawo da ƙananan jirage a gaɓar Afirka ba shi ne ƙarfi ba, a gina manyan jiragen yaƙi a gida waɗanda za su tsaya wa Ingila ido da ido. Aka rushe ofishin babban kwamanda, tsohon ya koma gefe. Za a iya cewa Tirpitz ya gane darasin da takardar Gwandu ta koyar, cewa muddin Ingila ce ke da teku, Jamus sai dai ta ci abin da aka rage mata. Maganin da ya kawo kuwa ya fi cutar muni, domin gasar gina jirage tana cikin abubuwan da suka tura Ingila ga ƙawance da Faransa da Rasha.

Allah ya ja kwanan Knorr har ya ga ƙarshen abin da ya shuka. Ranar 8 ga Agusta, 1914, Jamusawa suka rataye Rudolf Duala Manga Bell, jikan Sarki Bell da Knorr ya zo ya mayar kan kujera, saboda ya tsaya a kan cewa ƙwace filayen Duwala ya saɓa wa alkawarin 1884. Bayan mako bakwai jiragen Ingila da Faransa suka karɓe Duwala, ta ƙofar da Knorr ya shigo. Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora a Fabrairun 1916, kuma da yawa daga sojojin da suka yi wannan yaƙi a ɓangaren Ingila 'yan Arewa ne, wasu Hausawan kuma suna sanye da kakin Jamus a ɗaya ɓangaren. A watan Yuni na 1919 matuƙan Jamus suka nutsar da manyan jiragen Tirpitz da hannunsu a Scapa Flow don kada su faɗa hannun abokan gaba. Yarjejeniyar Versailles ta raba Jamus da dukan ƙasashen da ta mallaka. Knorr ya mutu a Barlin ranar 17 ga Fabrairu, 1920, saura 'yan makonni ya cika shekara 80.

Ba na ganinsa gwarzo, ba na kuma ganinsa wani dodo na musamman. Ma'aikaci ne mai ƙwazo wanda aka ba aikin ƙona gari ya ƙone, aka ba aikin sa hannu ya sa, aka yi masa ƙarin girma a kan duka biyun. Abin da ya fi damuna shi ne namu sakacin. Mu mutanen tudu muna ɗaukar maganar teku tamkar ta mutanen Kudu ce, ba ruwanmu. Ɗalibi zai kawo maka sunayen sarakunan da suka yi shahada a Burmi, wannan kuwa daidai ne, amma ka tambaye shi wa ke riƙe da bakin Kwara a 1885 sai ya yi shiru. Alhali manomin Kebbe da ke sayen takin zamani da maganin feshi, da ɗan acaɓan Dogon Daji da ke sayen kayan gyaran babur, farashin da suke biya a tashar jiragen ruwa yake fara tashi. Duk wanda ya zauna a bakin titin da ya ratsa Dogon Daji zuwa Tambuwal da Jega ya ƙirga manyan motoci, zai ga ko dai daga bakin ruwa suka fito ko can suka nufa. Mun ga abin da rufe iyaka na 2019 ya yi wa kasuwanninmu. Mun ga yadda 'yan'uwanmu na Nijar suka sha wuya bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka toshe musu hanyar Kwatano, har kayansu suka koma zagayawa ta Lome da Burkina, da kuma yadda man da suka tura ta bututu zuwa gaɓar Benin ya zama abin ja-in-ja a 2024. Tashar Baro da aka yi bikin buɗewa a 2019, wakilanmu nawa ne suka taɓa tsayawa a majalisa suka tambayi jirgi nawa ya sauke kaya a cikinta?

Takardun wancan zamani kuma ba su gama aiki ba. A ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 wani yanki na tsohuwar Kamarun Jamus ya zaɓi ya shigo Najeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna, wato ɗan abin da ya dawo daga abin da aka yanke. Ranar 10 ga Oktoba, 2002, Kotun Duniya ta yanke hukuncin cewa Bakassi ta Kamaru ce, kuma babbar hujjar da ta dogara da ita yarjejeniya ce da Ingila da Jamus suka sa wa hannu ranar 11 ga Maris, 1913. A watan Agusta na 2008 Najeriya ta kammala miƙa yankin.